Kawuna da Ya Rasu a Hannun Jamus

A Tsibirin Gobir, duk wanda ya yi wayo kafin yaƙin Hitila ya san tashin hankalin ɗaukar soja. Kwamandan Faransa na Maraɗi zai aiko wa Sarkin Gobir yawan samarin da ake bukata, dogarai su bi gida-gida, likita ya duba ƙirji da haƙora, sannan a jefa ƙuri'a. A 1939, an yanke gero ba a gama kai damma rumbu ba, ƙuri'a ta faɗa kan kawuna, autan kakata. Ina yaro a lokacin, amma na ga kakata tana ɗaura masa laya a damtse, amaryarsa kuma na kuka a ɗaki.

Daga nan labari ya yanke. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa, dubban sojojin Afirka suka zama fursunonin yaƙi. Mu dai ba wanda ya zo ya gaya mana ko yana raye. Duk ranar kasuwa kakata takan aiki mahaifina Maraɗi ya tambaya a bariki, ya dawo da amsa ɗaya: babu takarda. Amaryar ta zauna tsakani, ba ta ga miji ba, ba ta kuma da ikon yin takaba.

Sai a 1945, shekarar da Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohuwar Maraɗi, wani tsohon soja ɗan Jiratawa ya yi sallama a ƙofarmu, da kaki da jar hula. Ya durƙusa gaban kakata ya ce, "Inna, sai haƙuri. Tare aka kama mu, da hannuna na rufe masa ido." Ya kwance ƙullin tsumma ya miƙa mata layar nan, fatar ta yi baƙi da gumi.

Ina raɓe a bakin zaure ina jin komai. Ya ce Jamusawa ba su yarda baƙar fata su zauna a ƙasarsu ba, sai suka tsare su a sansanoni cikin Faransa, waɗanda ake kira Frontstalag. Aikinsu saran itace a daji da noma a gonaki, abincinsu romo tsararo da guntun burodi. Sanyin hunturun can ya fi ƙarfin mutumin da ya tashi a Gobir. Tarin fuka ya shiga cikinsu, ɗaki guda ana shaƙar numfashin juna. Kawu ya fara tari, ya rame har ƙasusuwan haƙarƙarinsa suka fito, daga baya ya koma tofar da jini. Da dare yakan tambayi abokinsa da Hausa ko damina ta faɗi a gida. Da ya cika, ƴan uwansa Musulmi suka yi masa wanka da ɗan ruwan da suka samu, suka sallace shi. Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal, shi ma ya zauna irin wannan sansani, aka sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Kawuna bai samu wannan rabo ba.

Washegari liman ya tara jama'a aka yi addu'a, aka raba sadakar gumba, amaryar ta shiga takabar mijin da ya daɗe a kabari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na ji wasu suna cewa ai ciwo ne ya kashe shi, ba yaƙi ba. To wa ya raba shi da gonarsa? Wa ya kai shi cikin ƙanƙara da yunwa? Wanda tari ya kashe a bayan waya, yaƙi ne ya ci shi, daidai da wanda harsashi ya samu.

Yaran Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa, ku tambayi tsofaffinku sunayen waɗanda aka ɗauka ba su dawo ba, ku rubuta tun masu sani suna da rai. Allah ya jiƙan kawuna da duk waɗanda suka kwanta tare da shi a ƙasar da ba tasu ba.