Warra Da Tafkin Kainji: Abin Da Ruwa Ya Koya Wa Mutane

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya gudanar da koguna, ya hore wa ɗan Adam jirgi domin neman falalarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wanda ya tashi daga Yelwa, mazaunin Sarkin Yauri, ya yi kudu, zai iske Warra, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, a gaɓar gabas ta Tafkin Kainji. In ya tsaya bakin kwata da hantsi zai ga ruwa shimfiɗe iya ganinsa, jirage na sauke buhunan hatsi, mata na cinikin bandar tarwaɗa da karfasa, Hausawa da Kambari da Gungawa suna cuɗanya. Baƙo sai ya zaci haka wurin yake tun fil'azal, alhali kuwa wannan tafki sai a 1968 ya samu.

Shaihin malami Ibn Khaldun ya yi bayani cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, cewa iskar wuri da abincinsa da sana'ar da mutane suka saba su ne ke rina ɗabi'unsu. Ƙasar Yauri shaida ce a kan haka. Kafin a tare Kwara, sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na farko ruwan daminar nan kusa ne, gurɓatacce. Na biyu kuwa ruwan da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini ne, wanda yakan yi wata da watanni cikin fadamun Masina a Mali, ya zubar da lakarsa, sa'an nan ya iso tatacce cikin hunturu. Da wannan lissafi mutanen kogi suke shuka, suke su, suke tafiya.

Gungawa sun sami sunansu daga gungu, watau tsibiri. A kan tsibiran suke noman albasa da rani, suna ban ruwa da ƙwarya, aikin da ba ya yiwuwa sai da haƙuri da taimakon juna. Sarkawa kuwa su ne gwanayen su. Yaronsu yakan san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa da inda ruwa ke juyi tun bai balaga ba. Hatta wasanninsu makaranta ne. Kokawar da Gungawa suka shahara da ita tana gina ƙarfin da tuƙi yake bukata, tseren kwalekwale na bikin Rigata a Yauri kuma jarrabawa ce ta gwanintar matuƙa. Haka al'ada take adana ilmi ga mutanen da ba su rubuta shi a littafi ba.

To, a 1964 aka fara gina madatsar Kainji domin wutar lantarki, aka gama a 1968. Ruwa ya ja da baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya cinye tsohuwar Busa da mafi yawan tsibirin Foge da gonakin fadama, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti, amma da yawa suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna irin nasu a gefe, gama gida tsarin zaman iyali ne kafin ya zama gini. An kuma sami alheri, domin fitowa daga tsibirai zuwa bakin hanya da kasuwa ta ƙara kusantar da jama'a ga masallaci da makaranta.

Sai dai fa ƙasa takan sake cikin shekara guda, al'ada kuwa sai a hankali. Ilmin da kakanni suka bari ilmin kogi ne, mai gaɓa kusa da hanyoyi sanannu. Tafki yana da faɗi, iska na tayar masa da igiya, ga kututturan itatuwan da ruwa ya binne suna nan a ƙasa. Jirage sun ƙara girma, an sa musu inji, ciniki ya ƙaru, kwaɗayin lodi ya ƙaru tare da shi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zuwa Warra ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, 'yan kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu.

Ya ku 'yan'uwa, ajali gaskiya ne, amma ba ya wanke mai sakaci. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa sa'an nan ya yi tawakkali. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya hukunta cewa mai jirgi ba shi da lada sai ya isar da abin da ya ɗauko, kuma ba a ɗora masa ramuwa in jirgi ya nutse. Amma malaman Malikiyya sun ƙayyade wannan sassauci da rashin ta'adi da sakaci. Wanda ya san jirginsa na mutum 80 ne ya zuba 150, ya fita daga wannan rangwame, kuma haƙƙin rayuka yana wuyansa.

Saboda haka ɗan kasuwa ya sani, buhun da ya matsa a ƙara masa bayan jirgi ya cika yana iya zama shi ne sanadi. Ma'aikacin da aka ɗora wa duba jirage ko sare kututtura ko raba rigunan ceto ya sani amana ce ya ɗauka, in ya karɓi na goro ya kau da kai ya yi tarayya cikin alhaki. Sarakunan ruwa da shugabannin matuƙa su mai da auna lodi da sanya rigar ceto cikin al'adar da ake koya wa yara, yadda dā ake koya musu wuraren duwatsu. Limaman Warra da Yelwa da Shanga kuma su riƙa tunatarwa a huɗuba, musamman gabanin damina.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, ya sa mu zama masu lura da ayoyinsa. Allah shi ne mafi sani.