Zaƙin da ba ya jiran a kawo wuta

Jama'a, biki ya tashi, baƙi sun watse, sai yau na samu na zauna. Masu turo min saƙo suna tambayar inda muka sayi alkakin da aka raba ranar walima, ga amsarku gaba ɗaya: ba saye muka yi ba. Sai dai ku yi haƙuri, labarin da ɗan tsawo.

Amaryar 'yar yayata ce, kuma 'yar fari. Kun san iyayenmu da kara. Yaya ko sunan yarinyar ba ta faɗa, balle ta tsaya tsara mata biki. Kirana ta yi ta ce, "Ke ce uwarta, ki ji da ita." Da aka zo rabon aiki, wance ta ɗauki abinci, wance ta ɗauki anko, ni aka bar min kayan zaƙi na mutum 300. A raina na ce ai ni na samu mai sauƙin. Kusan shekara ashirin ina aikin gwamnati, ina rubuta kasafi ina kare shi a gaban kwamiti, kayan zaƙi ne za su gagare ni?

Ran nan sai ga amarya da wayarta. Ta buɗe min Instagram: ƙananan kofuna an jera yogot da kirim da 'ya'yan itace hawa-hawa, ga kek mai hawa uku a tsakiya. Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na kira mai yin, ta faɗi kuɗin da ya haura albashina na wata guda. Wannan bai tsorata ni kamar sharaɗinta ba. Ta ce ana gobe biki za ta haɗa, dole ya kwana a firij, kuma kada a fito da shi sai lokacin rabawa. In ya lalace bayan ta miƙa mana, babu ruwanta.

To, bikin nan a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40. Wutar unguwarmu kuwa kun san ta, tana zuwa ne kamar mai gaisuwar mutuwa, ta zauna kaɗan ta tashi. Janareta kuma, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, sai mutum ya yi lissafi kafin ya ja igiya. Ga shi bara na halarci bikin 'yar wata abokiyar aikina, inda janareta ya tsaya cikin dare ba wanda ya sani. Da aka raba irin kofunan nan, kowa ya kai cokali ɗaya baki sai ya tura nasa ƙarƙashin kujera. Ina kallon uwar amarya tana murmushin dole. Kuɗin kuma bashi ta ci daga asusun adashen ofis, har bana ana cire mata.

Don haka na zauna na rubuta sharuɗɗa uku, kamar yadda muke yi in za a ba da kwangila. A iya yin sa aƙalla mako guda kafin biki, don makon biki ba na nutsuwa ba ne. Kada ya buƙaci firij. Kuma baƙuwa ta iya jefa shi a jaka ta kai wa yara gida. Na bi duk abin da ke wayar amarya ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsallake. Waɗanda suka ci jarrabawar su ne kayan garar da muka taso muna gani: alkaki, dubulan, nakiya, cincin. Tuwon madara ma na cire shi, don ba ya jure kwanaki da yawa cikin zafi irin wannan.

Kuma ba sa'a ba ce ta sa suke daɗewa. Abin da ke ɓata abinci danshi ne. Suya tana korar ruwan da ke ciki, sukari ko zuma kuma su riƙe ɗan abin da ya rage, ƙwayoyin cuta su rasa abin rayuwa. Shi ya sa nakiya ke yin watanni a cikin kwalla. Kakanninmu ba su karanta wannan a aji ba, amma sun san amarya za ta tafi gidan miji da kayan da za ta yi ta tarbar baƙi da su, babu firij babu ƙanƙara.

Da na faɗa wa amarya, sai hawaye. Ta ce, "Haba Anti, ƙawayena za su ce bikin ƙauye aka yi min." Maganar ta sosa min rai, amma ban yi faɗa ba, don na tuna ni ma a shekarunta abin da ƙawaye za su ce ya fi min komai. Na ce mata za a yi kek, ɗaya, madaidaici, a karɓo shi da safen walima, ta yanka a ɗauki hoto. Abin da za a raba wa mutane kuwa ta bar min.

A nan ne na ci karo da abin da ya sa nake wannan rubutun. Mu shida ne mata a ɗakinmu da na kishiyar mahaifiyarmu, huɗu mun yi jami'a, amma babu ko ɗaya da ta iya alkaki. Duk ci muka iya. Sai da muka ɗauko Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta haura saba'in, hannunta har rawa yake yi. Da na yi mata bayani ta dube ni ta ce, "Yanzu duk bokon naku, sai da wuta ta gagare ku kuka tuna da ni?" Na ce, "Gwaggo, a yi mana afuwa, ai da tsohuwar zuma ake magani."

Saura kwana goma biki muka fara. Ta sa aka ɓarzo alkama, ba a niƙa ta lukui ba. Aka kwaɓa da nono mai tsami da ɗan mai, aka rufe ta kwana. Da safe aka zuba ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, aka yi ta murzawa har ta haɗe. Tana zaune a kan tabarma tana ba da umarni, mu muna naɗawa. Kaskon farko ni na ɓata shi. Na cika wuta don sauri, waje ya yi ja, ciki ɗanye. Gwaggo ta karya ɗaya ta nuna min, ba ta ce komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Daga nan muka koyi sauran: wuta kaɗan-kaɗan, a dafa sukari da ɗan lemun tsami har sai ya ja zare tsakanin yatsu biyu, a tsoma alkakin da zafinsa, a tsame a kwando. Babban gargaɗinta shi ne kada a rufe sai ya huce sarai, in ba haka ba zai yi gumi ya yi fumfuna.

Rana ta biyu ina ɗagowa sai na ga amarya ta durƙusa kusa da Gwaggo, tana rubuta awon a wayar nan da ta nuna min kofuna. Ita ce ma ta kawo shawarar a yi su ƙanana, a sa alkaki biyu da dubulan biyu da curin nakiya a ɗan kwali mai kyau, a ɗaure da zare kalar anko.

Kada in yi muku ƙarya, ba kyauta ba ne. Sukari da man gyaɗa sun ci kuɗi, kuma kwana uku muka yi bayanmu na ciwo. Wadda ba ta da masu taya ta, in ta saya ban ga laifinta ba, masu sana'ar ma ai 'yan'uwanmu ne. Amma abin da muka kashe bai kai rabin kuɗin kofunan ba, ban ci bashin kowa ba, kuma daren walima da aka ɗauke wuta juyi kawai na yi na ci gaba da barcina. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, wannan barcin ma riba ce.

Jiya amarya ta kira ni daga ɗakinta. Dangin miji sun zo, ta fito musu da ragowar nakiya, surukarta ta tambayi wa ya yi. Ta ce ita ce, da kakarta.

In akwai irin Gwaggo a gidanku, kada ku jira sai biki ya matso. Ku sayi alkama mudu ɗaya wannan Asabar ɗin, ku shimfiɗa mata tabarma. Allah Ya ba amarya da ango zaman lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka tafi da kwali biyu kuma, na gan ku, na yafe.