Kwalaben da Ke Tsufa a Cikin Duhu

Mun daɗe muna ratsa dazuzzukan kudancin Beljiyam, dab da iyakar Faransa, sai ga Orval kwance a cikin kwari, ginin dutse ruwan zuma, tsit kamar ba kowa. Gidan sufaye ne na Kirista. Sojojin Faransa sun ƙone shi a 1793, kangon yana nan har yau. Da aka tashi sake gini, sai aka kafa wurin dafa giya a 1931 don a samu kuɗin aikin. Nan kaina ya ɗaure: masu ibada da giya? Ashe ƙa'idarsu mai tsauri ce. A cikin katangar gidan ake dafawa, sufaye na sa ido, riba kuma ta tafi ga kula da gidan da taimakon mabuƙata.

Ni ba na sha, don haka da hanci da ido na yi tawa ziyarar, kuma sun ishe ni mamaki. Mai masaukina ya sauka da ni ɗakin ƙarƙashin gidansa, wuri mai sanyi da duhu, kwalabe a tsaye jere, ƙura ta lulluɓe su. Ya ɗauko giyar Chimay, ta wani gidan sufayen dabam, mai shuɗin tambari, da shekararta rubuce a jiki. Ya ce ana rufe kwalbar da yis mai rai da ɗan sukari, aiki ya ci gaba a ciki. Mu da muka san burukutu, wadda ake dafawa a shanye kafin ta kwana biyu ta lalace, ina muka taɓa jin a ajiye abin sha shekara biyar don ya ƙara kyau?

Ya tsiyaya sabuwa da tsohuwa a hankali, don kada laka ta taso daga gindin kwalba. Sabuwar kumfa sosai, ƙamshinta na tsinke hanci. Tsohuwar ta yi duhu, ta natsu, tana ƙamshin zabibi da dabino da ƙonannen sukari. Wallahi da ban ga tambarin ba, da na rantse ba tukunyarsu ɗaya ba.

Ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki, ya daɗe bai ce uffan ba. Ni kuwa aka turo mini cukun da sufayen Chimay ke yi tun 1876. Sai ya nuna mini wani layi can ƙurya, ya ce waɗancan ba za a taɓa su ba sai ranar auren 'yarsa, wadda yanzu take aji uku a firamare.