Tsohuwar Kwamfuta da Amanar Dattawa

Mu malaman adabi na Damagum ba ma gaggawar jefar da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, domin a cikinta muka taskace tatsuniyoyi da waƙoƙin da muka naɗa daga bakin dattawa, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Galibi cutarta ƙurar hunturu ce, wadda kan toshe fanka har zafi ya kashe ta. Sai mu kai ta Potiskum a kakkaɓe ƙurar, a sauya batir, a sa mata SSD. Ko da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a 2025, Linux bai ƙi tsofaffin na'urori ba. Amma kafin mai gyara ya taɓa ta, mukan kwafe muryoyin nan a wani faifai, tun da ba a sayar da irinsu a kasuwa.