Dirkar Ƙofar Lambunmu

Kowa ya san lambu ba ya zama sai da shinge, shinge kuwa ba shi da amfani in ƙofarsa ba ta rufuwa. Abin da ke riƙe da ƙofar shi ne dirka. In ta karkace, to aikin shekara yana iya ƙarewa a cikin cikin awaki dare ɗaya.

Mu mutanen Kabo ne, amma a Gwarzo nake karatu. Mahaifina yana da ɗan lambu a bakin fadama, inda yake noman albasa da tumatir da rani. Daga nan kuɗin littattafaina da na sabuluna suke fitowa. Da na koma gida hutun Disamba, sai na tarar dirkar ƙofar lambun ta yi doro kamar baka. Ƙyauren ba ya kaiwa bakinsa, ya bar kafar da akuya za ta shige a sake. Har awakin maƙwabta sun shiga sau biyu sun cinye irin tumatir, magana kuwa ta soma tsami tsakanin gidajen biyu.

Me ya tanƙwara ta? Dirkar ta darbejiya ce, itacen nan da asalinsa daga ƙasar Indiya yake, an kuwa kafa ta tana ɗanya. Ɗanyen itace cike yake da ruwa. In iskar hunturu ta taso, gefen da ke kallon rana yakan riga ɗaya gefen bushewa, ya tsuke, sai itacen ya lanƙwasa. Ga nauyin ƙyaure yana janta kullum, ga gara tana cin gindinta.

Na ce, "Baba, mu sari reshen ƙirya mana mu huta." Ƙirya dai itace ne mai taurin gaske, gara ba ta cinsa da sauƙi, shi ya sa ake sassaƙa turmi da taɓarya da shi, maƙera kuma suke son gawayinsa. Baba ya ce, "Ƙirya nawa ka gani tsakanin nan da Gwarzo? Wadda ke gonarmu kakanka ne ya bar ta, mu ma barinta za mu yi."

Saboda haka gyara muka yi. Muka cire ƙyauren, muka tone dirkar da dagi, muka yanke ruɓaɓɓen gindin da zarto. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Busasshe kuwa in aka ce za a miƙe shi da ƙarfi, karyewa zai yi. Don haka Baba ya sa gizago ya feƙe doron, har gefen da ƙyaure ke zama ya miƙe sambal. Inna ta ba mu wata tsohuwar taɓaryar ƙirya da ta daina aiki da ita. Muka haɗa ta da gindin dirkar da ƙusoshi da waya, ta zama sabuwar ƙafarta.

Sa'an nan muka babbaka ƙafar a wuta har bayanta ya yi baƙi, don ta jure wa laima da gara. Muka zurfafa ramin yadda kashi ɗaya cikin uku na tsawon dirkar zai shige ƙasa, muka zuba tsakuwa a ƙasansa don kada ruwan damina ya kwanta. Ni na riƙe zare da dutse a ƙarshensa, Baba yana duban ko dirkar ta tsaya daidai da zaren, ƙanena yana zuba ƙasa kaɗan-kaɗan yana daɓewa. Daga ƙarshe muka sa mata tokara. Kafin la'asar ƙyaure ya rufu ruf.

Kashegari Baba ya sari rassan darbejiya guda huɗu, ya ɓare bawonsu, ya jera su a inuwar zaure a kan duwatsu, ya ce sai baɗi za a taɓa su.

'Yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu ku duba ƙofar lambunku ko ta garkenku tun kafin dabba ta duba muku. Iyayenmu kuma, a riƙa tanadin busasshen itace, a dasa wanda za a sara, a bar mana 'yan ƙiryoyin da suka rage.