Giwa a Cikin Tulu

A farkon shekarun 1970, injiniyan da ke son kwamfuta ta yi masa lissafi sai ya rubuta umarninsa da harshen FORTRAN, a huda masa shi a kan katuna, kowane layi da katinsa, sannan ya miƙa ƙunshin ga masu kula da injin da ya cika ɗaki guda. Amsa kuwa sai an jima, wani lokacin sai washegari. Kuskuren waƙafi ɗaya ya isa ya mai da mutum ƙarshen layi.

A 1974 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da HP-65, kalkuleta mai shiga aljihu wadda ake iya koya wa jerin umarni, a kan dala 795. Kuɗi ne mai yawa a lokacin, amma wanda ya gaji da jira bai ga tsadarta ba. Matsalar ita ce ƙanƙantar cikinta: mataki 100 kawai take riƙewa, da ma'ajiyar lamba 9.

Wanda ya zauna zai mai da manhajar babban inji cikin wannan ɗan wuri, nan take yake gane cewa kwafewa ba za ta yi ba. Layi ɗaya na FORTRAN yana iya cin mataki ashirin, domin kusan kowane latsin maɓalli mataki ne. Sunayen da ya laƙaba wa lambobi duk sun tafi, sai dai ya rubuta a takarda cewa ma'ajiya ta 3 ita ke riƙe da kusurwa, ta 4 kuma nisa. Ko taran ma ba duka nasa ba ne. Injin yana aron ta tara idan zai kwatanta lambobi biyu ko ya yi lissafin kusurwa, don haka duk abin da aka manta a ciki ya salwanta ba tare da ko sallama ba, amsa ta fito tsaf da ita alhali ƙarya ce. Irin wannan kuskure ya fi na waƙafi muni, tun da babu mai tsawatarwa.

Dole sai an koma tushen lissafin an tambayi abin da ake nema a zahiri. Galibi sai a tarar rabin tsohuwar manhajar ado ne da shirya shafin bugawa. Abin da ya ƙi shiga mataki ɗari sai a raba shi a kan siraran katuna masu maganaɗisu, a zura na farko, ya gama, a zura na biyu, lambobin suna jira a ma'ajiya.

A watan Yulin 1975, lokacin da kumbon Apollo na Amurka ya je haɗuwa da Soyuz na Tarayyar Sobiyat a sararin samaniya, akwai HP-65 a cikinsa, ɗauke da lissafin gyara hanyar kusantar juna, ko da kwamfutar kumbon za ta gaza.