Kuɗin da na bayar a kan gidan da ba shi nake nufi ba

Mai neman gida a kudancin Kano sai ya shirya wa tafiya. Yau dillali ya kai ka Bebeji ko Tiga, gobe Kiru, jibi ku bi ta Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, wani ma ya ratsa dajin Falgore da kai har Doguwa. Da aiki ya kawo ni yankin, haka na yi ta bin dillalai, ba takarda ba biro, sai hotuna a waya da abin da na riƙe a kai.

Hoto yana nuna soro da rufin kwano da shafen siminti, kuma gidajen nan kusan duk haka suke. Ba ya gaya maka gidan waye, ko rijiyar tana ƙafewa da bazara, ko ina ruwa yake bi a watan Agusta, a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar. Waɗannan da baki ake faɗarsu a tsakar gida, kuma su ne suka cakuɗe mini.

Gidaje biyu na gani a Tudun Wada, kowanne da rijiya. Na farko mai shi yana raye, shi da kansa ya zagaya da ni, maƙwabcinsa ma ya shaida mini ruwa ba ya kwanciya a lungun. Na biyu gidan gado ne da ba a raba ba. Dillalin bai ɓoye mini ba, ya ce akwai 'yar mamacin da ke aure a Riruwai, ba a ji ta bakinta ba tukuna. Bayan an kwana biyu na kira shi na ce, "Malam, gidan nan mai rijiya nake so." Ya ɗauka na biyu nake nufi, domin shi muka gani daga baya. Na tura kafin alƙalami.

Sai a zauren mai unguwa, da aka zo rubuta takardar ciniki, mai unguwar ya tambaya ina sauran magada. Nan na gane abin da na yi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara, amma a aikace ciniki yana farawa ne daga shaidu da mai unguwa da dagaci, kuma babu mai tsoron Allah a cikinsu da zai sa hannu a sayar da rabon mace ba da yardarta ba. Mai unguwar ya yi daidai. Babban ɗan mamacin kuwa ya riga ya sayi taki da wani ɓangare na kuɗin, sai bayan kaka ya iya biyana. Kafin nan an sayar da gidan farko.

Laifin nawa ne, ba na dillali ba. Ya faɗi gaskiya, ni ne ban rubuta ba.

Yanzu kowane gida shafinsa daban a littafina: gari da unguwa, sunan mai shi da na dillali, na gado ne ko a'a, takardar da ke hannu, farashi da la'ada, da abin da maƙwabta suka ce game da damina. Ina rubutawa tun ban fita daga soron ba.

Ɗan'uwa, ranar da za ka ba da kuɗi, kada ka yi ta waya. Je ka tsaya a ƙofar gidan tare da dillali da shaidu, ka nuna shi da hannunka.